Harafin da Na Ƙara wa Haruna

Ku da kuke cewa aikina danne-danne ne, ku matso. Na ji ku jiya a bakin rumfa, wai Mushe Idi yana karɓar dala ashirin a kan abin da kowa zai yi da wayarsa yana kwance a tabarma. Ban tanka ba, don akwai dosiye, takardun wani, a hannuna, kuma ba na magana da dosiye a hannu. Yau sun ɗauke wuta, babu abin da zan buga, sai ku ji.

Sunan nan na mushe ma ba nawa ba ne, na malaman makaranta ne. Ban taɓa tsayawa gaban aji ba. A Malanville duk wanda ya iya riƙe bik ya rubuta faransanci, mushe ne. 'Yan'uwanmu na wajen Kamba idan suka ji an kira ni haka sai dariya ta kama su, don a wurinsu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Da ina jin haushi. Yanzu na daina.

Takarda ta farko da aka bar ni na buga da hannuna ta wani masunci ce, yana neman izinin kafa rumfa a kasuwar kifi. Lokacin ina shekara ta biyu a wurin maigidana, Baba Kojo, mutumin kudu, wanda ya tsufa a gindin bishiya a gaban meri, ofishin magajin gari, da teburinsa da mashin ɗin rubutu. Shekarar farko ko taɓa mashin ɗin ban yi ba. Aikina goge haruffa da tsohon buroshi da kananzir, juya riban idan tawada ta dushe, lasar tambur, da jera takarda uku da karbon biyu a tsakani ba tare da ɗaya ta karkace ba. Ku da ba ku taɓa ganin karbon ba, idan ka sa shi a juye sai rubutun ya fito a bayan takardar, ka ɓata uku a bugu ɗaya, ka kuma sha zagi da yaren da ba ka ji.

Masuncin ya tsuguna, na tambaye shi suna, ya ce Hamidu. Na buga HAMIDOU ina jin kaina. Ban kai ga sunan uba ba sai na ji regil ɗin ƙarfe a bayan yatsuna, irin wanda ake jan layi da shi. Baba Kojo ya ce wa mutumin ya kawo katinsa, ya aza mini shi a kan mashin. AMIDOU.

Hausar Baba Kojo ta kasuwa ce, amma na gane. Ya ce, "Kunnenka Bahaushe, takarda ba Bahaushe ba. Ba ka rubuta abin da ka ji. Ka rubuta abin da ka gani."

Harafin nan da muke fara Hamidu da Halidu da Hadiza da shi, a faransanci ash ake kiransa, ana rubuta shi amma ba a faɗinsa. Akawunan da suka yi wa iyayenmu takardun haihuwa da kunnen faransanci suka saurare su, sai suka zubar da shi. Alidou, Adiza, Assana. Wani akawun kuma ya ga dama ya sa. Sai ka tarar uwa ɗaya uba ɗaya, wa da ash, ƙane babu. Ofis kuwa bai san mutum ba, takarda ya sani. Ranar da Baba Kojo ya tattara zai koma garinsu, mashin ya sayar mini, amma regil ɗin kyauta ya ba ni. Ya nuna mini yadda ake aza shi ƙarƙashin layi a karanta jerin sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana saukar da shi a hankali, don ido kaɗai tsalle yake yi.

Dosiyen ɗan bak na farko da ya shigo hannuna na ɗan wani direban tirela ne. Bak ita ce jarrabawar gama sakandare da ake shiga jami'a da ita. Uban ya ajiye mini takardun a cikin leda mai warin gazuwal ya ce, "Mushe, wacce tah hi suna?" Jami'a yake nufi, ni kuwa ban san amsa ba a ranar. Na yi ta kame-kame har ya tashi. Abin ya tsaya mini a rai, don haka cikin shekaru biyu na taka da ƙafata na je na ga jami'o'in da ɗan garin nan zai iya kaiwa ba tare da ya kwana a hanya ba. A lissafina uku ne. Akwai ta gida, a bi kwalta a yi kudu a wuce Kandi. Akwai ta ƙetaren gada. Akwai ta wajen 'yan naira.

Ku idan kuna gwada makarantu, hoto kuke kallo a waya. Ni idan na shiga jami'a ba na kallon ƙofa, don kowa yana yi wa ƙofarsa fenti. Famfo nake fara murɗawa. Daga nan in leƙa makewayi. Sai in tsaya a allon sanarwa in ga ko takardar da ke kai ta bana ce ko ta bara. Sai in bi layin abinci in ga ko 'yan baya suna samu. Na ƙarshe, in zauna wurin mai shayi na bakin ƙofa in ji da wane bakin yara suke maganar malamansu. Wanda ya yi wannan ya fi wanda ya karanta takardar talla goma sani.

Ta gida cunkoso gare ta, ajin farko wanda bai yi sammako ba a tsaye zai ji darasi. Amma da faransancin da yaro ya taso da shi ake karatu, akwai zango a garin inda ba a rasa wanda zai ba shi ɗaki da tuwo, kuma takardarta ba a tambayar ta a kowane ofis na ƙasar nan. Ta ƙetaren gada ta fi kusa, fura ɗaya, magana ɗaya, yaro ba ya jin baƙunta sai ranar da aka zo rabon taimako, ranar zai tuna cewa kogi ya raba mu. Ta wajen 'yan naira suna gare ta, ginin ma abin kallo ne, kowa kuma yana da kawu a can. Amma ɗan bak ɗinmu sai ya ba da shekara guda yana koyon turanci kafin ya gane inda aka dosa, kuma abin da suke ba ɗalibai na 'yan jiharsu ne.

Uba suna yake tambaya, don shi zai faɗa a masallaci. Uwa tana aiko da tambaya ɗaya, ina zai kwana, wa zai gani idan ya yi zazzaɓi. Yaro kuwa wifi. Ni tawa tambayar ba mai son ta: wa zai biya? Shi ya sa kafin in taɓa kowane dosiye sai na koya wa uban yaro kalmomi uku da jerin gwamnati yake fitowa da su. Bursiye, gwamnati ta ɗauki karatunsa, tana kuma ba shi na abinci. Sekuru, an rage masa nauyi, ba a sauke ba. Peyan, ubansa ne gwamnati. Ga manomin albasa, tsakanin kalma ta farko da ta uku akwai gona guda.

Akwai kuma na huɗu da ba na sa su a lissafi, makarantun 'yan kasuwa masu takardar talla mai santsi, da hoton furanni da ruwa yana tashi sama da wata yarinya tana dariya da littafi. Duk shekara wakilansu suna zuwa su ajiye mini damin takardun nan su ce in na kawo ɗalibi akwai nawa. Wasu daga cikinsu makarantu ne na gaskiya. Wasu gidan haya ne da allo. Ni dai da takardun nake fifita gawayin shayi.

Ordinatar, wato kwamfuta, ta shigo rumfar nan a makare, kuma ta hannu ce. Wata uku ina danna ta da yatsa biyu kamar mai tsinar tsakuwa a shinkafa. Sai wani ya nuna mini wani ɗan akwati da za ka buga suna a ciki, injin ya nemo maka shi ko jerin ya kai shafi ɗari. Na ga abin al'ajabi. Jerin da nake yini a kansa da regil, yanzu kafin ka ajiye kofin shayi an gama. Na ɗauki regil ɗin Baba Kojo na jefa a durowa. Wannan ita ce shekarar da nake son ba ku labari.

Dosiyen Safiya ya zo mini a cikin shamiz shuɗi, irin kwalin nan na sa takardu, an jera komai yadda ya kamata, har na tambaya wa ya jera, ta ce ita. Ɗiyar Haruna ce, manomin albasa daga Garou. Ita ce ta farko a gidansu da ta kai bak, kuma ta ci shi da makin da ban saba gani a rumfar nan ba. Lissafi da kimiyya, kamar ruwa. Uban ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya cire hula ya aza a gwiwa.

Ya ce, "Mushe, ni ban san komi ba ga wanga sha'ani. Ɗiyata ta, amma kai ka san hanya. Inda kac ce, nan za ta."

Na yi musu bayanin jami'o'i ukun nan kamar yadda na yi muku. Kawunta na wajen Kamba ya riga ya aiko cewa a kawo ta can, ga suna, ga gini. Ita kuma ta bari na gama, sannan ta ce karatun noma take so, ɓangaren ƙasa da ruwa, don duk shekara tana ganin albasar babanta tana ruɓewa a fadama ba wanda ya san dalili. Na ce to, ta gida. Da wannan maki, in dai ana bin gaskiya, bursiye ce. Na karɓi takardar haihuwarta na aza a gabana, na buga sunan harafi bayan harafi yadda aka koya mini: AROUNA Safiatou. Babu ash. Da hannuna na buga shi, daidai. Ku riƙe wannan.

Ranar da jerin ya fito, ruwa ya cika, hanyar Garou ta yanke a wuri biyu. Safiya ba ta zo ba. Haruna ne ya zo shi kaɗai, wandonsa a naɗe, laka har gwiwa, ya ce ya bar babur a wani ƙauye ya ƙaraso a ƙafa. Rumfar nan ta cika har titi. Kowa yana miƙo wuya yana faɗin sunan ɗansa, ni kuma ina bugawa ina amsawa, bursiye, peyan, peyan, sekuru, kamar mai rabon hatsi. Dosiye kusan ɗari biyu suka bi ta hannuna a shekarar. Da layi ya zo kansa ya sunkuyo ya ce, "Safiya Haruna."

Da Hausa ya faɗa, da Hausa na ji. Yatsana ya je kan ash tun kafin in yi tunani. HAROUNA. Injin ya nuna mini biyu, wani Harouna Moussa da wata Harouna Rabi, duk ba ita ba. Na sake bugawa, na sake samun su biyun. Na ɗaga kai na ce, "Babu."

Ya ce, "Ko sekuru?"

Na ce, "Babu sunanta sam, Malam Haruna. Na gaba."

Bai yi gardama ba. Ya mayar da hularsa, ya ce Allah shi kyauta, ya fita. Ina iya tuna sawun lakar da ya bari a simintin nan.

Bayan mako guda suka dawo tare. Ta tsaya a bakin tebur, ba ta zauna ba. Ta ce, "Mushe, don Allah ko a sake dibawa? Waɗanda nih hi maki an ɗauke su."

Ga inda nake son ku dube ni da kyau. Ordinatar tana kunne a gabana. Juya mata fuskar injin kawai zan yi in ce buga da kanki. Da ta buga sunanta yadda take rubuta shi tun ajin farko, da yau ba ku jin wannan labari. Amma akwai mutane a rumfa, kuma yarinya ƙarama tana tambayata a gabansu ko na duba da kyau. Na ce mata, "Ke, tun ba a haife ki ba nike wanga aiki. In nac ce babu, babu." Uban ya juya ya harare ta, ya ba ni haƙuri a madadinta. Ni aka ba haƙuri.

Za ku ce me ya hana ta duba a wani wuri. Ina? Lakwal tana hutu, malamai sun watse. Wayarta irin mai tocila ce. Abokan karatunta kowa sunansa ya nema, kuma ita kaɗai ce ta zaɓi wannan fanni. A garin nan a lokacin, idan Mushe Idi ya ce babu, magana ta ƙare. Shekara talatin na yi ina gina wannan amincin, kuma da shi na danne ta.

Haruna ya yanke wa kansa bayani, kuma bayanin da sauƙin karɓa: mu 'yan arewa ne, ba mu da kowa a sama, an ba ɗan wani gurbinta. Ya faɗa a rumfar nan, na gyaɗa kai. Ya ce tunda ƙasarsa ta ƙi ɗiyarsa, ko peyan ba zai nema mata a can ba. Sai kawun na Kamba ya kawo takarda mai santsi ta wata makarantar 'yan kasuwa a wajensu, wai ba sai an ɓata shekara a turanci ba, wai shekara uku an gama, wai har rangwame suna yi wa 'yan ƙetare. Haruna ya kawo mini ita in gani. Na ce ban san su ba, ban murɗa famfonsu ba. Ya ce, "To ƙaƙa za ni yi, Mushe? In bar ta gida?" Na mayar masa da takardar. Ya sayar da fadamarsa ta bakin kogi, wadda ya gada, ya kai ta.

Wani aiki ne ya tona ni, wajen lokacin dashen albasa. Wani malamin lakwal ya ce in buga masa jerin nan gaba ɗaya a takarda, yana son ajiyewa. Injin yana turo shafuka ina karɓa ina daidaita su. Shafi na biyu ya fito a karkace, na ɗauka zan gyara, idona ya sauka a tsakiyar 'yan A. AROUNA Safiatou. A gaban sunan, bursiye. Na buɗe durowa na ciro regil na aza ƙarƙashin layin, kamar zai canza wani abu. Bai canza ba.

Kada ku ce ban yi komai ba. Na rufe rumfa na hau mota na yi kudu. Na bi ofis uku. A na ƙarshe wata mata mai kirki ta buɗe rajista ta nuna mini: an jira ta har ranar da aka tsayar, ba ta zo ba, an ba na bayanta. Ba wanda ya cuce ta a can, sun bi ƙa'idarsu. Na tambaya ko baɗi. Ta ce bursu, tallafin gwamnatin, na sabon bak ne, ba ya jiran kowa. Na dawo a motar ƙarshe da shafin a aljihu. Da na iso sai na ɗaga tsohon mashin ɗin Baba Kojo da ke can kusurwa, na sa shafin a ƙarƙashinsa.

Ban je Garou ba. Na ce wa kaina fadama ta riga ta tafi, yarinya ta riga ta fara karatu, faɗa ba zai dawo da komai ba. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Rumfar nan ba ta da jari sai kalmata. Shekarar ta zame mini mummuna ta kowane gefe. Na koma karanta kowane jeri da regil a jikin gilashin ordinatar, layi bayan layi, mutane suna tsaki suna tafiya wurin masu sauri. Aka buɗe sabbin rumfuna biyu a layin nan. Rabin masu zuwa wurina suka koma can, ban kuma ga laifinsu ba.

Da aka cire albasa sai ga Haruna a kan babur da buhu a baya. Ya sauke a ƙofar nan. Ya ce yanzu gonar wani yake nomawa ana raba amfani, amma bai manta ba. "Mushe, kai kat tsaya muna sa'ad da ba mu da kowa." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Haba, da ka bari."

Shekara uku ta yi a can. Ta dawo da takarda mai zanen zinariya a gefe, ta fi ta kowace jami'ar gwamnati kyau. Ni na yi mata fotokofi. Ta kai ta gasar ɗaukar ma'aikatan gona, aka dawo mata da dosiye: ba a san makarantar ba, ba a nan ba, ba a can ba. Da aka bincika, gidan ma an mayar da shi wurin ajiye siminti.

Aikin ƙarshe da na yi mata, takardar neman aiki ce a wani shagon sayar da iri da taki a kasuwa. Uban ya kawo ta, ya tsaya waje a kan babur yana gaisawa da mutane. Na ce ta ba ni takardar haihuwa. Ta ce ta manta da ita a gida, amma ba komai. "Arouna, Mushe. Ba ash. Awa yadda ka rubuta da kanka wancan karon."

Na tashi na ɗaga mashin. Shafin ya yi ja, tsatsa ta zana masa ƙafafun mashin huɗu. Na aza mata a tebur, na aza regil ƙarƙashin layin, na gaya mata abin da na buga ranar da babanta ya zo da laka a ƙafa. Ban yi wa maganar ado ba.

Ta daɗe tana kallon layin. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Yaushe kag gani?"

Na ce, "Shekarar."

"Shekarar," ta maimaita. Ta ɗaga kai ta dubi uban ta taga. Yana dariya da wani mai kifi. Ta naɗe shafin gida huɗu ta sa a jakarta.

Na ce zan fita in gaya masa yanzu, duk abin da zai yi mini ya yi.

Ta ce, "A'a. Ba ka hwaɗa mai. Shi yanzu shina da waɗanda yaka jin haushi, can nesa, bai san huskarsu ba, shina kwana lahiya. In kah hwaɗa mai, kansa za shi tsana, don shi yah harare ni ran nan. Ka bar shi." Ta tura mini takardar fari. "Buga min wagga, ana jirana."

Na buga. Ta karanta sunan sau biyu kafin ta sa hannu. Ta ajiye dala ashirin a tebur, na ce ta bari, ta ce, "Aiki na, Mushe," ta fita. Tana shagon har yau. Manoman Garou da Madécali suna kawo mata ganyen albasa a leda ta duba ta gaya musu abin da ke cin sa, kuma an ce ba ta kuskure. Idan muka haɗu a hanya tana gaishe ni yadda ake gaida babba, ba ƙari ba ragi. Dosiyen ƙanenta da ya ci bak bara, a rumfar can ta gaba aka cika shi.

Haruna kuwa bai fasa ba. Duk shekara buhu guda, daga rabon da yake samu a gonar wani. Na ce masa likita ya hana ni albasa, ya ce a ba iyali. Na ce ta yi yawa, ya ce a raba wa maƙwabta. An hana ni in faɗa, ba ni da bakin da zan ƙi. Ga na bana can bayan ƙofa, warin da kuke ji tun ɗazu ke nan. Da ita ake yi mini miya.

To, ga wuta ta dawo. Ku je ku danna wayoyinku, ban hana ku ba, injin ba ya ƙarya, abin da ka tambaye shi yake ba ka. Kai mai jar riga, na ga shamiz a hammatarka tun da ka shigo. Kawo. A'a, rufe bakinka, ban tambaye ka sunanka ba. Miƙo takardar haihuwa.